Wa Ke Ƙirga Kunnuwan Sabon Garin Jega?

A Sabon Garin Jega alamomi biyu ke shaida wa mutum cewa Disamba ta kama. Ta farko hazo ne, irin wanda ke rufe hanyar Birnin Kebbi har direba ya kunna fitila da hantsi. Ta biyu sifikar maƙwabcina ce, wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan babur, wanda ya haura shekara ashirin a garin nan, Hausar bakinsa kuwa Kabanci ce tsantsa. Wata goma sha ɗaya sifikar nan ba ta da aiki sai labarai da sharhin ƙwallo. Ranar ɗaya ga Disamba sai ya jawo durowa, ya zaro wani memori da ya naɗe cikin tsohon rasit, ya hure shi sau biyu, ya soka. Daga wannan sa'a har ranar da zai kama hanyar gida, layinmu na hannun waƙoƙin Kirsimeti na Boney M da Jim Reeves. Telan da ke gefensa bai taɓa leƙa coci ba, amma ƙafarsa a kan keken ɗinki ta san inda kowace waƙa ke lanƙwasa.

Shekaru ina jin abin nan ban ɗauke shi bakin komai ba, sai ranar da ɗan ƙanwata mai karatu a jami'ar Aliero ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, dubi abin mamaki. Waƙar da ta zo ta ɗaya a Amurka makon nan ta girmi Inna." Na ce masa, "Ta ɗaya a wurin wa? Wa ya ƙirga, kuma da me ya ƙirga?" Ya yi shiru. Mu kuwa mutanen Jega ba a kawo mana wasa a harkar ƙidaya. Garin nan ne ya haifi Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015, ƙasa duka ta zuba masa ido yana karɓar alkaluma jiha bayan jiha, ko murya bai ɗaga ba. Wanda ya tashi a irin wannan gari, in aka ce masa wane ya zo na ɗaya, wajibi ne ya nemi ganin takardar sakamako.

Ga abin da takardar ta ƙunsa. Turawa suna da jadawalin waƙoƙi, jeri ne da ake fitarwa duk mako, daga wadda ta fi tashe zuwa ta can ƙasa. Wanda ya fi suna shi ne Hot 100 na mujallar Billboard a Amurka, wanda aka soma a 1958. Ingila ma tana da nata, kuma a can riƙe kujerar farko a makon Kirsimeti sarauta ce mai zaman kanta, har caca ake yi a kan wanda zai same ta. Shekara da shekaru Amurkawa abu biyu suke dubawa: faifai nawa aka sayar, kuma sau nawa gidajen rediyo suka saka waƙar. Ingilishi kuwa ciniki kawai suke ƙirgawa.

Wannan tsari yana da rami a tsakiyarsa, domin saye sau ɗaya ake yin sa. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san haka. Ka sayi kaset ɗin Shata ranar kasuwa, ka kai gida, ka yi ta juya shi shekara goma. Rikoda ta tauna shi, ka sa biro ka naɗe zaren, ka liƙe inda ya tsinke da jan farce, ka ci gaba da sha'aninka. A littafin mai shago kai mutum ɗaya ne da ya zo rana ɗaya. Shekara goman nan da ka yi kana saurare ba ta shiga ko'ina ba. Haka Baturen da ya sayi faifan Kirsimeti a 1994: duk Disamba zai fito da shi ya saka, 'ya'yansa su girma a kansa, amma jadawali ya sallame shi tun ranar da ya karɓi canjinsa.

Sai sauraro ta intanet ya zo, irin na Spotify da Apple Music da YouTube da Audiomack da Boomplay. Bambancinsa da sauke waƙa a cikin waya shi ne bambancin famfo da randa. Mai randa ya ɗebo ruwansa sau ɗaya ya rufe, ko sau hamsin ya sa moɗa babu wanda ya sani sai shi sai moɗar. Mai sauraro ta intanet kafa kai yake yi a famfo, famfon kuma da mita a wuyansa, kowace kurɓa sai an rubuta. A Spotify, da zarar waƙa ta yi daƙiƙa 30 tana kaɗawa an rubuta sauraro ɗaya, ko kana rawa, ko kana wanke-wanke, ko barci ya yi awon gaba da kai. Mita ba ta tambayar ko ka ji daɗi.

Sannu a hankali Billboard ta buɗe wa mitar nan ƙofa. A 2012 ta sa alkaluman su Spotify cikin lissafi, ta kuma sassauta dokar da ke hana tsofaffin waƙoƙi dawowa: daga lokacin, duk tsufan waƙa, in ƙarfinta ya isa ta shiga hamsin na farko, a matsa mata ta zauna. A 2013 aka ƙara YouTube. Ingila ta bi sahu a 2014, aka ce sauraro 100 daidai yake da sayen faifai ɗaya. Babu wanda ya yi waɗannan gyare-gyare da Kirsimeti a ransa. Don matasa aka buɗe ƙofar, da Disamba ta zo sai tsofaffi suka cika ta.

Mariah Carey ta fitar da All I Want for Christmas Is You a 1994. A lokacin ko ƙofar Hot 100 ba ta taka ba, saboda ba a sayar da waƙar a faifai nata na kanta ba a Amurka, doka kuma ta ce sai an yi haka. Sai a Disambar 2019, bayan shekara 25, ta hau kujerar farko, ta kuma riƙa komawa kanta a ƙarshen shekarun da suka biyo baya kamar wadda ta gada. A Janairun 2020 ta kafa wani tarihin na daban. Daga ta ɗaya ta faɗo, ba ta tsaya a ta biyu ba, ba ta tsaya a ta hamsin ba, ta fice daga jadawalin ɗungurungum cikin mako guda, abin da wata waƙa ba ta taɓa yi ba kafinta. Aliero garin masu ɗori ne, sun ga karaya iri-iri daga ko'ina a ƙasar nan, amma ba su taɓa ganin ƙashin da ke karyewa duk Janairu, ya haɗe da kansa duk Nuwamba, ba tare da an sa masa kara ba.

Wadda ɗan ƙanwata ya nuna mini ta fi wannan ban mamaki. Brenda Lee tana 'yar shekara 13 aka naɗi muryarta a Rockin' Around the Christmas Tree, a 1958. Sardauna na kujerar Firimiya a Kaduna, Najeriya ba ta sami 'yanci ba, jihar Kebbi kuwa da sauran shekara 33 kafin a ƙirƙiro ta. Waƙar ta zo ta ɗaya a Disambar 2023, matar tana da shekara 78. Yarinya ta shuka, tsohuwa ta girbe, kuma mutum ɗaya ce. A Ingila, Last Christmas ta Wham! ta fito a 1984 ta maƙale a ta biyu, domin waƙar da Band Aid suka yi don tara wa mutanen Habasha gudummawa lokacin yunwa ta tare mata hanya. Sai ranar 1 ga Janairun 2021 ta kai ta ɗaya, sarautar makon Kirsimeti kuwa sai a 2023. George Michael da ya rubuta ta bai ga ko ɗaya ba, ya rasu ranar Kirsimeti ta 2016.

Ba shi kaɗai ba ne. Duba goman farko na Amurka a ƙarshen Disamba ka ga sunaye: Bobby Helms da ya rasu a 1997, Burl Ives da ya rasu a 1995, Andy Williams da ya rasu a 2012. A wurin zaɓe, in aka tarar da sunan mamaci a rajista gogewa ake yi. A jadawalin Disamba mamatan ne 'yan takara, ƙuri'ar kuma ta rayayyu ce, ta halal, babu inda za a kai ƙara. Yaron da ya kwana a situdiyo yana fama da sabuwar waƙarsa ya fito ya tarar da layin kakanni a gabansa, dole ya jira a sha bikin a watse.

Manomin albasa a Aliero zai riga ɗan jaridar Landan gane yadda abin yake. Da rani ake cire albasa, lokacin da ta cika kasuwa, buhu ba ya da wata daraja. Mai haƙuri sai ya zuba tasa a rudu, ya rufe, ya jira ƙarshen shekara, lokacin da manyan motoci ke neman ta ido rufe za su kai Kudu. Waƙar Kirsimeti albasa ce a rudu, wata goma sha ɗaya tana kwance tana jiran farashi. Sai dai albasa tana ramewa, tana ruɓewa, tana tsiro, mai ita ya buɗe rudu ya yi salati. In kuma ya sayar, ya sayar ke nan, sai ya sake yafa iri ya sake ban ruwa. Waƙa ba ta ruɓa. Buhu ɗaya ne ake sayarwa bana, a sayar baɗi, a sayar baɗin baɗaɗa, kuma ranar 26 ga wata da ƙafarsa yake komawa rudu. Da Allah Ya yi albasa da wannan hali, da an daina jin labarin talaka tsakanin Aliero da Maiyama.

To me ya sa tsofaffin ke cinyewa, alhali duk shekara ana yin sababbi? Na tambayi maƙwabcina ko bai gaji da memori ɗaya ba. Ya ce, "Malam, waƙoƙin ga su babana ka sawa gida tun muna ƙanana. In ban ji su ba, kamar shekara ba ta ƙare ba." Rabin amsar ke nan. Mai biki ba sabon abu yake nema ba, abin da ya ji a ɗakin uwarsa yake nema. Ɗaya rabin kuwa, a can ƙasashen ba mai sauraro ke zaɓe ba. Kamfanonin nan suna tsara jerin waƙoƙin Kirsimeti, mai kanti ya danna jerin da safe ya manta da shi har dare, uwargida tana tsaye a madafi ta ce wa na'urar Alexa ta sako mata waƙoƙin biki, ba ta ambaci sunan kowa ba. Wadda ke saman jeri ta fi samun kunne, tun da ba kowa ke kaiwa ƙarshe ba. Wadda ta fi samun kunne ta hau jadawali. Wadda ta hau jadawali a mayar da ita saman jeri baɗi. Duk ɗan kasuwar Jega ya san cewa mai rumfar bakin ƙofa ba lalle ne ya fi kowa kaya mai kyau ba, amma shi ake fara gani, kuma ribar bana ce ke biya masa kuɗin rumfar baɗi. A ƙarshen 2019 waƙar River ta Ellie Goulding ta zo ta ɗaya a Ingila, alhali in aka cire YouTube, a Amazon kaɗai ake samun ta, kuma Amazon ita ce mai Alexa. Mai kasuwa ya ba kansa rumfar bakin ƙofa.

Akwai wata ƙa'ida da ta tsaya mini a rai. Tun 2018, a Ingila, sauraro 100 na wanda ke biyan kuɗin wata shi ne faifai ɗaya. Wanda ke saurare kyauta, yana haƙuri da talla, sai ya yi 600. Billboard ma tana fifita mai biya. Ma'ana, sai mutum shida marasa hali sun haɗa kunnuwansu goma sha biyu kafin su yi nauyin mai hali ɗaya. Hujjarsu ita ce mai biya ya fi shigo da kuɗi. Na fahimci hujjar, amma ban karɓe ta ba. In nauyin aljihu ake aunawa, a kira shi jadawalin aljihu. Kunnen talaka ba ya jin kashi ɗaya cikin shida na waƙa, duka yake ji, wani lokacin ma har ya fi mai kuɗi haddace ta. Ingilishi sun ma ƙara wata dokar a 2017, shekarar da Ed Sheeran shi kaɗai ya mamaye gurbi 16 cikin 20 na farko: aka taƙaita wa kowane mawaƙi waƙa uku, aka kuma ce waƙar da ta daɗe tana sauka sai ta ninka sauraro kafin a rubuta mata abin da ake rubuta wa sabuwa. Da wannan dutse a ka Wham! suka yi tseren, suka kuma ci.

Mu dawo gida. Najeriya ma ta sami nata jadawalin. Wasu matasa ne suka kafa TurnTable a 2020, babban jerinsu ya fara fitowa a Nuwamban shekarar, Ginger ta Wizkid da Burna Boy ce a sama. Suna tattara alkaluma daga gidajen rediyo da kamfanonin sauraro ta intanet, kuma aiki ne da ya cancanci yabo, domin kafinsu kowane mawaƙi shi ke naɗa kansa sarki. A wannan jadawali Disamba watan casun Legas ne, mamatan Amurka ba su da ƙarfin da suke da shi a gida. Spotify ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2021, ya kuma ce a 2024 mawaƙan Najeriya sun samu fiye da naira biliyan 58 ta hanyarsa. Boomplay kuwa a cikin Tecno da Infinix da itel yake zuwa tun daga kwali, saboda dangantakarsa da kamfanin Transsion mai ƙera su, waɗannan wayoyi kuwa su ne a aljihun Jega. Ashe famfo ya iso har ƙofar gida. Ruwan ne da tsada. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya sayi datar kwana ɗaya don ya duba saƙo ba zai ƙarar da ita a kan waƙar da ya riga ya ji jiya ba.

Saboda haka Jega a randa take sha, kuma tana da 'yan ga-ruwanta, wato masu turi. Rumfa ce da benci, da kwamfuta ɗaya, da wayoyin caji rututu kamar saiwar gamji. Yaro ya zo ya miƙa memori: "Oga, a cika mini shi. Gwanja, Breaker, wa'azi kaɗan, sauran wurin fassarar Indiya." Mai turi sau ɗaya ya sauke waƙar. Daga kwamfutarsa ta shiga memori ɗari, daga nan Xender ya karɓa, waya ta ba waya a majalisa, a gidan biki, a bayan a-kori-kura, har ta kwana a Kimba da Sambawa da Andarai ba tare da ta taɓa intanet ba. Lokacin da Jaruma ta Hamisu Breaker ta game gidaje a 2020, da lokacin da Warr ta Ado Gwanja ta riƙe bukukuwa a 2022, alkaluman da aka gani a YouTube kunnen dorina ne kawai, jikin yana cikin ruwa.

Bari in yi lissafin maƙwabcina a fili, kowa ya duba da alƙalaminsa. A ce yana buɗe shago ƙarfe 8 ya rufe ƙarfe 6, minti 600 ke nan. A ce memorin na ɗauke da waƙa 15, kowace minti 4, zagaye ɗaya awa ɗaya. Kowace waƙa za ta dawo sau 10 a yini, jimilla 150. A kwana 20 an sami 3,000. Sai a cire na lokacin azahar da la'asar, domin da ladan ya ɗaga murya yake kashe sifikar, ba ya kunnawa sai an sallame, kuma ba wanda ya taɓa roƙonsa ya yi haka. A cire na Lahadi, ranar da yake coci. Abin da ya rage, da a Ingila ne kuma yana biyan kuɗin wata, ya haura faifai ashirin. A Jega sifili ne. Ga shi kuma ba shi kaɗai ke ji ba: ga tela, ga mai faci, ga mai shayi, ga 'yan kabu-kabu da ke jiran fasinja a inuwar shagonsa. Ba laifin masu jadawali ba ne, mita ba ta ganin cikin randa. Amma sakamakon da aka bayyana ba a kawo akwatinmu ba, ba za a ce da mu muka zaɓa ba.

Wannan ba zancen alfahari ba ne kawai, zancen abinci ne. Alkaluman nan su kamfanoni ke dubawa kafin su ba mawaƙi talla, su masu shirya wasa a ƙasashen waje ke dubawa kafin su aiko da tikiti. Tun 2024 Spotify ba ya biyan ko kwabo a kan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a shekara ba. Mawaƙin Hausa da muryarsa ke tashi a kowace tasha daga Jega zuwa Maraɗi sai a duba takarda a gan shi ƙarami, ya koma ya dogara da liƙin biki da ubangidan siyasa. Inda kuwa ƙidaya ta zama kuɗi, maguɗi ba ya nisa. Akwai masu cika ɗaki da wayoyi, kowace tana maimaita waƙa ɗaya dare da rana, ba kowa a ɗakin sai fanka. A 2024 hukumomin Amurka sun gurfanar da wani mutumin jihar North Carolina bisa zargin tara fiye da dala miliyan 10 ta irin wannan hanya, na'ura ta rera, na'ura ta saurara. Can ana rubuta sauraron da babu kunne a bayansa. Nan ga kunnuwa jibge, babu mai rubutawa.

Abin da ke ƙara mini ciwo shi ne mun taɓa samun ƙidayarmu. Zamanin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna, mutum katinsa yake saye, ya rubuta sunansa da garinsu, da waƙar da yake so, da waɗanda yake gaisarwa, ya aika. Mai gabatarwa ya karanta, ƙasa duka ta ji cewa a Jega akwai mai son Ɗanƙwairo, kuma yana gaida abokinsa a Gusau. Wancan tsari ya san sunan mai kunne. Ko da yake shi ma yana da iyaka. Gambu na Fagada, ɗan ƙasar nan tamu, mai waƙar ɓarayi, manyan masu yi masa alheri ba irin mutanen da ke rubuta suna da adireshi a kati ba ne, kuma har yau babu jadawalin da zai iya shawo kansu.

Zancen waƙar da ke barci ta farka da lokacinta kuwa, ba Turawa za su koya mana ba. Da watan Maulidi ya tsaya, kowane lungu bege ne, wata guda cur. Ishiriniyar Alfazazi da Burdar Busiri tun ƙarni na 13 aka rubuta su, fiye da shekara 700 ke nan suna dawowa kan harsuna. Ban kawo su don in jera su da waƙar rawa ba, matsayinsu daban ne. Na kawo su ne don a san cewa shekara 65 ɗin Brenda Lee a wurinmu ba ta kai abin tara mutane ba. Ga waƙoƙin tashe da ke fitowa goma ga azumi, babu faifai, babu memori, yara ke karɓa daga bakin yayyensu. Waƙar Salla ce dai ba ta da sa'ar ta Kirsimeti. Jadawali yana son makonni a jere ana maimaita abu ɗaya, watan da ke gaban ƙaramar Salla kuwa na tafsiri ne da karatu, ita kanta Sallar kwana biyu zuwa uku ce a koma kasuwa. Waƙar siyasa kuma duk shekara huɗu take tsiro, amma ita ce albasar da ba ta jure rudu: da mawaƙi ya ɓata da ubangida, ko ubangida ya sauya sheƙa, sai a kwashe a zubar.

Shawarata ita ce Jega ta riƙe littafinta. A sami malamin ƙidaya a kowane layi, da littafi da biro, kamar yadda ake da malamin karɓar haraji a kasuwa. Na yi tunani a kan ƙa'idojin. Dokar daƙiƙa 30 a bar ta, tana da ma'ana. Ɗan kabu-kabun da ya wuce da sifika a ɗaure a kan tanki ba ya kai daƙiƙa 30 a kunnen mutum, saboda haka ba a rubuta shi, sai in tirelar albasa ta tare shi a mararraba, nan kam a rubuta wa duk wanda ke wurin. In wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa, aka tada janareta aka faro daga farko, biyu ne. Kunnen attajiri da na almajiri ɗaya ne, babu ɗari babu ɗari shida. Jakunan da aka ɗaure kusa da shago ba sa shiga lissafi, duk da girman abin saurarensu, domin ba za a iya tambayarsu ba in gardama ta taso. Masu turi kuwa su ne rumfunan zaɓe, kowa ya kawo adadin memorin da ya cika, da abin da aka fi cewa a sa.

Littafin nan zai nuna wani abu da Billboard ba ta taɓa gani ba. A Amurka waƙar Kirsimeti tana kai ƙololuwa a makon bikin. A Sabon Garin Jega tun kafin ranar take sauka, domin wajen 20 ga wata masu shaguna sun ja ƙofa sun sa kwaɗo, sun cika motoci da buhunan albasa da shinkafa da busasshen kifi, sun bi ta Koko da Yawuri da Kwantagora zuwa Anacha da abin da ke bayanta. Mutanen Zuru sun nufi gida, ɗaliban Aliero sun watse. Jadawalin da kansa ke shiga mota ya yi Kudu. Ranar 25 layinmu tsit yake. Waɗanda suka rage suna coci, inda matan zumunta ke buga tulu suna kaɗa caki, suna rera waƙoƙin haihuwar Almasihu da Hausa, wasu daga Littafin Waƙoƙi, wasu daga ka. Wannan ma babu mitar da ta ji shi. Da rana yara su zagayo da kwanukan shinkafa da nama gidajen maƙwabta, kamar yadda namu ke zagayawa da naman layya.

Cikin Janairu maƙwabcina ya dawo, ya share ƙurar da hunturu ya tara masa a bakin shago, ya zare memorin ya naɗe a sabon rasit ya mayar durowa, ya leƙo ya ce, "Malam, mun same ku lahiya? Wa ac ci ƙwallo ban nan?" Sifika ta koma labarai. Amma telan nan, har cikin Fabrairu, in ɗinki ya yi masa daɗi ana jin sa yana bin karin Jim Reeves ta hanci, bai san sunan waƙar ba, bai san mai ita ya rasu a haɗarin jirgi tun 1964 ba. Na auna da agogo, yana wuce daƙiƙa 30. Na buɗe masa shafi nasa daban.